Shekara Guda Muna Bin Sawun Macizai Da Kyamara

Ranar da ɗaya daga cikinmu ta faɗa wa mahaifiyarta irin aikin da aka ba mu a makaranta, sai da uwar ta ajiye muciya ta dube ta da kyau, sannan ta ce: "Yanzu duk kuɗin makarantar da ake biya, neman maciji aka tura ki? Mutane na gudun abu, ku kuna bin sa har gida?" Sauranmu ma babu wanda aka yi wa barka a gida. Ba mu ga laifin iyayenmu ba, domin da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da labarin wani da maciji ya sara a gona ko a hanyar rafi. A wasu gidajen ko sunansa ba a kira da dare, sai dai a ce igiyar ƙasa.

Mu biyar ne, maza uku mata biyu, muna aji biyu a sashen nazarin dabbobi a Zariya. Malaminmu ya ba mu aikin shekara guda: mu nemi dabbobi masu jan ciki, wato macizai da ƙadangaru da damo da kunkuru da danginsu, mu ɗauki hotonsu a inda suke zaune, mu rubuta rana da lokaci da wuri da yanayin gari. Ya kafa mana dokoki kafin mu taka ko'ina. Ba a taɓa dabba, ba a kashe ta, ba a ɗaga dutse ko icce da hannu, kuma ba a fita sai tare da wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen sashenmu, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki. Baba muke ce masa.

Kayan aikinmu ba su da yawa: kyamara ɗaya mai dogon hanci da muka aro, wayoyinmu, tocila, dogayen takalman roba masu kaiwa gwiwa, tabarau, jarkar ruwa da littafin rubutu. Akwai kuma doguwar sanda mai ƙugiya, wadda Baba kaɗai ke riƙewa. Muna rubuta muku abin da muka gani ne, ƙannenmu na sakandare, saboda da yawanku kuna zuwa gona da kiwo da ɗebo itace a lokacin hutu, kuma abin da muka koya zai iya yi muku rana.

Bazara: ƙadangare ne malaminmu na farko

Mun fara a watan Maris, zafi na haura digiri 35 da rana tsaka. Fitarmu ta farko mun yi ta ne bayan azahar, muka zagaya gindin Dutsen Kufena har ƙafafunmu suka yi nauyi, ba mu ga komai ba sai ƙadangaru biyu da suka ruga cikin tsaguwar dutse. Baba bai ce mana uffan ba sai da muka zauna shan ruwa. Sannan ya tambaye mu: "Ku da kuke da hankali kun fito cikin wannan rana, kuna zaton su ma za su fito?"

A nan muka fahimci abin da muka haddace a aji ba tare da mun gane shi ba. Jikin waɗannan dabbobi ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Da safe suna fitowa su sha hantsi don jiki ya saki, idan rana ta take kuma su shige inuwa ko rami, don zafin da ya wuce kima yana iya kashe su. Daga ranar muka koma fita da sassafe da kuma bayan la'asar.

Baba ya ce kada mu yi mafarkin hoton maciji sai mun iya hoton ƙadangare. Muka yi dariya, muna ganin abu ne mai sauƙi. Ashe jan-gwada yana da iyakar da ya yarda ka matso, kana ƙetare ta sai ya bar maka wurin. Sai da muka koyi zama shiru a gefe guda, muna matsawa kaɗan-kaɗan, ba tare da inuwarmu ta faɗa kansa ba. Garin wannan zama muka lura da abubuwan da muka girma muna gani ba mu taɓa kula ba. Namijin da ya mallaki bango shi ne mai jan kai da jiki mai duhun shuɗi, yana da matansa, kuma gyaɗa kan da yake yi gargaɗi ne ga sauran maza. Da sanyin safiya launinsa a dushe yake, sai ya sha rana yake fitowa sosai. A cikin hotuna sama da sittin da muka ɗauka a makon farko, uku ne kawai malaminmu ya karɓa, kuma duka ukun idon dabbar ne ya fito tar a cikinsu. Tun daga nan muka riƙe wannan: a saita kyamara a kan ido.

Alamar maciji ta farko da muka samu saɓa ce, maƙale a tsakanin duwatsu biyu. Da Baba ya jawo ta da sanda, muka ga har da murfin idanu a jikinta. Maciji ba shi da fatar ido da zai ƙifta, wani ɓawo ne garai-garai ke rufe idon, kuma yana fita tare da saɓar. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa idan mutum na tafe. Harshen da yake fitarwa ba da shi yake sara ba, da shi yake ɗanɗano ƙamshin abin da ke kewaye da shi.

Damina: kowa ya fito

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Mayu, washegari kuma daji ya zama wani daji daban. Shinge ya tashi daga suri, kwaɗi suka fito cin shinge, macizai suka biyo kwaɗi. Duk wanda ya gane wannan jeri ya gane dalilin da ya sa ake yawan cin karo da maciji a farkon damina, daidai lokacin da manoma ke shuka da noman firi.

A makon ne muka ga damo na farko, a rame, yana tona gindin wata kunya. Damo kan shafe yawancin rani a ɓoye cikin rami ko kogon icce, kusan ba ya cin komai, yana rayuwa da kitsen da ya tara. Da damina yake ramawa da ƙadandoniya da gyare da dodon koɗi har da kunama. Da muka ji haka muka ce lallai wanda ya sa masa suna sarkin haƙuri ya san shi.

Hawainiya kuwa da dare muka fi samun ta. Da rana sai ka tsaya a gaban reshen da take kai ba ka gan ta ba, amma da dare takan kwanta a ƙarshen siririn reshe, launinta ya yi fari-fari, tocila na haska ta sai ta fito fili. Yawancinmu mun taso da cewa tana sauya launi ne don ta yi kama da duk abin da ta hau. Abin da masana suka gano shi ne zafi da sanyi da tsoro da fushi da neman abokin barbara su ne suka fi juya launinta. Idanunta kowanne na iya duban nasa ɓangaren, kuma ba ta da dafi ko kaɗan. Haka ma kulɓa, wadda ake tsorata yara da ita, ba ta da dafi.

Ranar da ba za mu manta ba ita ce wata yamma a watan Yuli, a bayan wani kejin kaji a gefen gari. Mai kajin ya aiko cewa wani abu na shanye masa ƙwai yana kashe 'yan tsaki. Muna isa muka tarar da gamsheƙa, baƙa wuluk, mai ja-ja a maƙogwaro, tana ƙoƙarin shigewa ƙarƙashin tarin bulo. Baba ya ja mana layi a ƙasa da sanda ya ce kada wanda ya wuce. Wanda ke riƙe da kyamara a ranar ya ga hoton bai cika ba, sai ya ƙara taku biyu. Kafin Baba ya rufe baki ta ɗago kai, ta buɗe wuya, ta feso. Dafin ya sauka a kan tabaraunsa da goshinsa.

Tabaraun nan da muke ƙorafin sakawa saboda gumi su suka ceci idonsa. Gamsheƙa na iya fesa dafi nisan mita 2 ko fiye, kuma fuska take nema. Idan ya sauka a fatar da ba ta da rauni, wankewa kawai ake yi. Idan ya shiga ido kuwa, raɗaɗi ne mai tsanani, kuma yana iya kaiwa ga makanta idan aka yi sakaci. Maganin farko shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na tsawon mintuna, ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti. Muka juye masa jarkarmu gaba ɗaya a fuska. Hoton da ya saida ransa a kai ma bai fito ba, hannunsa ya girgiza. Baba ya hana shi riƙe kyamara har wata guda, kuma babu wanda ya roƙa masa.

A cikin marka, wato tsakiyar Agusta, an kira mu sau da dama mu zo mu ga macijin da aka riga aka kashe. Da yawansu wani maciji ne mai ruwan ƙasa, mai farin layi a gefen kai, wanda ke zama kusa da gidaje. Ba shi da dafi, kuma ɓeraye ne abincinsa, ɓerayen da ke ɓarna a rumbu, waɗanda wani jinsinsu ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Mun ji takaici, amma kada wani ya ɗauka muna cewa ku riƙa tantance mai dafi da marar dafi da ido ku kama. Ga dalili. Akwai wani ɗan maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsu ɗungurungum, ya fasa shi a maƙogwaro, ya amayar da ɓawon. Kusan ba shi da haƙora, amma zanen jikinsa da ƙarar da yake yi idan ya tsorata kamar na kububuwa ne sak. Akwai kuma wani ƙaramin baƙin maciji mai zama cikin ƙasa, wanda kamanninsa na salihai ne, amma yana iya fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsan wanda ya riƙe shi ta wuya. Mu da muke da littafin hotuna a hannu mun sha yin kuskure. Saboda haka dokar ɗaya ce ga kowane maciji: a ba shi hanya.

Kaka: gobe da nisa

Ɗaya daga cikinmu ɗan kudancin Jihar Gombe ne, kuma ya gayyace mu ƙauyensu a yankin Kaltungo lokacin girbi. Baba ya yarda ya raka mu saboda yankin ya shahara da kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa.

Da muka gan ta a karon farko, a gindin wani dutse da magariba, mun yi mamakin ƙanƙantarta. Yawanci ba ta wuce rabin mita da ɗan wani abu ba. Launinta na ƙasa ne da ɗigo-ɗigon fari a gefe, ta yadda idan ta kwanta cikin busasshen ganye sai mai sa'a ke ganin ta. Idan ta ji an matso, takan naɗe jikinta ta riƙa goga ɓawonta da juna, sai ka ji wata ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Duk wanda ya ji wannan ƙara a gona, ya tsaya cak, ya gano inda take fitowa, ya ja da baya. Daga nisan taku biyar muka ɗauki hotonta, kuma shi ne hoton da ya fi kowanne kyau a aikinmu.

Kwana biyu bayan haka, muna wata gona ana tattara gyaɗa, sai muka ji ihu. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba ya sa hannu zai ɗaga tarin ganyen gyaɗar da ya kwana a ƙasa, aka sare shi a bayan hannu. Kafin mu iso wani ya yanko roba zai ɗaure masa dantse tamau, wani na neman reza, wani kuma ya tashi kiran mai magani daga ƙauyen gaba. Yaron da kansa yana cewa ba komai, ɗan zafi ne kawai.

Baba ya durƙusa gaban mahaifin yaron ya ce: "Malam, don Allah ka saurare ni. Kada a tsaga, kada a ɗaure. A sa shi a babur yanzu a kai shi asibiti. In an makara, jini ne zai ƙi tsayawa." Uban ya yi jim, ya dubi 'yan'uwansa, sannan ya ce: "To Baba, mu je." Aka cire wa yaron zoben da ke yatsansa kafin hannun ya kumbura, aka tallafe hannun da kara da ɗankwali don kada ya riƙa motsi, aka zaunar da shi a babur tsakanin mutum biyu. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta riga ta ɗauki hoton macijin da wayarta daga nesa yayin da yake sulalewa, don haka babu wanda ya ɓata lokaci wajen farautarsa.

A Kaltungo akwai asibiti na musamman don masu saran maciji, kuma mutane na zuwa can har daga jihohin maƙwabta. Gwajin da aka yi wa yaron mai sauƙi ne: an ɗebi jininsa kaɗan aka zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, aka ajiye minti 20. Jinin mai lafiya zai daskare a wannan lokaci. Nasa da aka karkata kwalbar sai ya gangaro kamar ruwa. Hoton ya nuna kububuwa ce, gwajin kuma ya tabbatar dafin ya shiga jiki. Aikin dafinta ke nan: yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai mutum ya fara zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon rauni, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Haɗarin shi ne mutum na iya yini yana hira, a zaci maganin gida ya yi aiki, alhali ɓarna na gudana a ciki. Tsaga wurin da reza ƙofa ce kawai ake ƙara buɗe wa jinin. Ɗaurin tamau kuma yana iya kashe hannun har a kai ga yankewa.

Aka sa wa yaron allurar kashe dafi ta jijiya. Bayan wasu sa'o'i aka sake gwaji, jinin ya daskare. Kafin mu bar garin an sallame shi da hannunsa biyu, ɗaya na kumbure.

Wannan allura daga jinin dabbobi ake samun ta. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da garkuwa, sannan a tace garkuwar daga jininsu. Akwai guda biyu da aka haɗa musamman da dafin macizan Najeriya: EchiTAb-G, da aka yi a Birtaniya da jinin tumaki don saran kububuwa, da EchiTAb-Plus-ICP, da ake yi a ƙasar Kosta Rika da jinin dawaki don saran kububuwa da kasa da gamsheƙa. Allurar da aka yi don macizan wata nahiya ba lallai ta yi aiki a kan namu ba. Shi ya sa sanin wane maciji ke zaune a wane yanki yake da muhimmanci, kuma a nan ne ɗan aikinmu na hoto da rubuta wuri ya fara yi mana ma'ana.

Matsalar ba ta Kaltungo kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji, ban da waɗanda ke rasa hannu ko ƙafa. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Ranar 19 ga Satumba ta kowace shekara aka ware don wayar da kai a kan haka. A nan gida, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin likitocin da suka daɗe suna bincike a wannan fage.

Hunturu: an shiga ɓuya

Da sanyi ya kankama a Disamba, littafinmu ya koma kusan fanko. Sai mu yini ba mu rubuta komai ba in ban da ƙadangaru da tsaka. Macizai sun shige suri da ramukan gafiya da ƙarƙashin tarin kara da itace, inda ɗumi yake. Nan ma akwai darasi: mai ɗebo kara ko itacen girki a wannan lokaci ya fara bugun tarin da doguwar sanda, ya jawo na sama da ita, kafin ya kai hannu. Abin da ya fi ɓata mana rai a wannan lokaci shi ne ƙunar daji. Bayan wuta ta wuce mun tarar da kunkuru da hawainiya da ƙananan macizai a ƙone, waɗanda suka tsira kuma gidajen mutane suke nufa.

A watan Janairu muka haɗa kuɗi muka tafi Gandun Dajin Yankari a Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Rani ne lokacin da ya fi dacewa da zuwa, domin ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma na taruwa a bakin Kogin Gaji. Daga cikin mota muka ga kadoji kwance a kan yashi baki buɗe. Wata cikinmu ta ce yunwa suke ji, jagoranmu ya yi dariya ya ce iska suke sha, ta haka suke rage zafin kai. A wurin kada, zafin ramin da aka binne ƙwai shi ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. Mun kuma ga guza, 'yar'uwar damo mai son ruwa, wadda kan kai tsawon mita 2, kuma ƙwan kada na cikin abin da take tonowa ta ci. Mesa dai sawunta kawai muka samu a kan yashi, faffaɗa kamar an ja buhu. Ba ta da dafi, naɗe abin da ta kama take yi, kuma uwar kan kanannaɗe ƙwanta tana gadi har su ƙyanƙyashe.

Da yamma, kafin mu je wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke zama a kan digiri 31 dare da rana, jagoran ya tsayar da mu a wata 'yar hanya ya ce mu faɗa masa abin da muke gani a gindin wani icce. Mu biyar muka ƙura ido, muka ce busasshen ganye. Sai da ya nuna da sanda daga nesa sannan siffar ta fito: kasa ce, gajera mai kauri, kai faffaɗa, ko motsi ba ta yi. Ana yi wa mai nauyin barci ba'a da barcin kasa, amma ba barci take yi ba, kwanton ɓauna ne. Takan yi kwanaki a wuri guda tana jiran ɓera ya gifta. Yawancin macizai na gudu idan sun ji takun mutum, ita kuwa ta dogara da ɓoyuwarta, shi ya sa ake taka ta. Saranta kuma yana da sauri ƙwarai, dafinta na kumbura ƙafa ya ruɓar da nama. Ba ƙwai take sakawa ba, 'ya'ya take haifa da rai, sau da yawa 20 zuwa 40 a ciki ɗaya. Tun daga wannan rana babu wanda ya sake yin ƙorafin nauyin takalmin roba a cikinmu.

Idan kuna son farawa

Ba mu ce wani ɗalibi ya tafi neman maciji ba, kuma duk wanda ya yi haka shi kaɗai ba da yawunmu ba. Kada kuma wasan gardawa a kasuwa ya ruɗe ku: wasu daga cikinsu cire wa macijin haƙoran dafi suke yi, haƙoran kuma suna sake tsirowa. Ku fara daga inda muka fara. Bangon ajinku yana da jan-gwada, bishiyoyin makarantarku na iya samun hawainiya, kududdufin bayan gari yana da kififiya. Waya mai kyamara ta isa, idan kuma babu, fensir da takarda sun isa a zana. Ku rubuta rana da lokaci da wuri da yanayin gari. Ku nemi malamin kimiyyarku ya jagorance ku. Masu intanet na iya sa hotunansu a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa wajen gano sunan dabba, amma kada ku bayyana ainihin ramin mesa ko kunkuru, saboda masu farautar fata da nama su ma suna duba waya.

A gida kuwa, ku riƙe tocila idan za ku fita da dare, ko da bayan gida ne. Ku sa takalmi mai rufe ƙafa a gona. Ku share ciyawa da tarkace daga jikin ɗaki, ku rufe hatsi don ɓera ya rasa abin ci, domin inda ɓera ya je maciji na biye. Mai kwana a ƙasa ya sa gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Kada a taɓa kan macijin da aka kashe, yana iya sara ko bayan an datse shi. Idan tsautsayi ya faɗa, a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau, ba jiran a ga abin da gobe za ta yi.

Akwai kuma aikin da kuka fi mu damar yi. Macizai da dama da muka ɗauka mun sami sunansu na kimiyya a littafi, amma mun rasa sunansu na Hausa, ko kuma mu ji suna uku a gari uku. Kakanninku manoma da makiyaya da mafarauta sun san waɗannan sunaye. Ku zauna da su a wannan hutu, ku tambaye su sunan kowane maciji da kamanninsa da lokacin da ake ganin sa, ku rubuta, ku aiko wa wannan shafi tare da sunan garinku.

Mun miƙa aikinmu a watan Maris, da hotuna da littafin da ruwa ya jiƙa sau biyu. Wadda mahaifiyarta ta ajiye muciya ta wanke hoton kububuwa ta kai gida. Uwar ta ƙi taɓa shi da hannu, amma ta sa an kira yaran gidan masu zuwa gona su zo su gani, kuma a ranar kasuwa ta aika aka sayo musu takalman roba.